Babbar Taya a Jif Mai Lantarki: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Biya

Tsohuwar al'ada ce a wajen masu jif: mota na shiga hannu, kafin a gama sanin maɓallanta, ido ya riga ya sauka a kan tayoyi. Wani so yake ta ƙara tsayi don kada cikinta ya riƙa gugar tudun rage gudu da ake ginawa a titunan unguwa. Wani hanyar garinsu ce ta burji, damina na kankama sai ta koma kwazazzabai. Wani kuwa kwarjini kawai yake nema, domin jif mai manyan tayoyi tana da cika ido. A zamanin Land Cruiser da Hilux da Pajero, wannan sha'awa ba ta cika jawo nadama ba. Ɗan ƙarin man da motar ke sha yakan ɓace cikin kuɗin cefanen wata, gidan mai kuma yana nan a kusan kowace mararraba.

Jif mai lantarki ta zo da wani hali daban. Duk abin da aka canza a ƙafafunta, washegari za ta rubuta farashinsa a allon da ke gaban direba, da adadin kilomitar da ta rage kafin batir ya ƙare. Batun kuma ya daina zama na mutanen Turai da Amurka kaɗai. Tun a ƙarshen 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, a 2021 aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma irin waɗannan motoci suka ƙara shiga lissafin ma'aikata da 'yan kasuwa. Wuraren caji dai har yanzu ƙalilan ne a wajen Legas da Abuja. Ga wanda zai kama hanyar Abuja zuwa Kano, tafiyar da ta haura kilomita 400, asarar kilomita 50 daga cajinsa tana iya zama bambanci tsakanin kwana a gida da tsayawa a bakin hanya da magariba.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Idan mutum ya ce yana son babbar taya, ɗayan abu biyu yake nufi, kuma sau da yawa shi kansa bai bambance su ba. Lambobin da ke jikin robar su ne ke raba gardama.

A ɗauki Tesla Model Y, wadda ta fi kowace jif mai lantarki yawa a titunan duniya. Tayar da aka fi saninta da ita tana ɗauke da rubutun 255/45 R19. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 255. Ta biyu tsayin gefen robar ne, wato kashi 45 cikin ɗari na wancan faɗi, kimanin milimita 115. Ta ƙarshe girman ƙarfen da aka ɗaura robar a kai ne, wanda masu faci ke kira rim, inci 19. Idan aka haɗa rim da gefen roba na sama da na ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 712.

Kamfanin ya sayar da motar da rim na inci 20, mai taya 255/40 R20, da kuma na inci 21, mai taya 255/35 R21 a gaba. Wanda ya zauna ya buga lissafin zai tarar dukansu milimita 712 ne. Rim ya ƙaru, roba ta ragu, daga milimita 115 zuwa 102 zuwa 89. Saboda haka mai motar da ya biya maƙudan kuɗi ya koma inci 21 bai ɗaga cikin motarsa daga ƙasa ko da faɗin farce ba. Abin da ya yi shi ne rage matashin iska da ke tsakanin rim ɗinsa da bakin rami.

Ma'ana ta biyu ita ce ƙara tsayin tayar kanta. Wanda ya bar rim na inci 19 ya sa 255/50 R19 ya samu taya mai tsayin milimita 738, ƙarin kashi 3.6 cikin ɗari. Sai dai rabin ƙarin ne kawai ke ƙarƙashin gatarin mota. Model Y da ke da tazarar milimita 167 daga ƙasa za ta ɗaga da milimita 13, kaurin ɗan yatsa. Wannan shi ne abin da ake saya. Ya kamata a riƙe adadin a zuci kafin a shiga batun abin da ake biya.

Rumbun da bai wuce lita tara ba

Abin da mitar wuta ta gida ke kira yunit, wato kilowat-awa, da shi ake auna batirin mota. Na Model Y mai dogon zango yana ɗaukar yunit 75 zuwa 80. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9. Ashe duk wannan batir mai nauyin ɗaruruwan kilo bai fi ƙarfin lita 9 na fetur ba, alhali tankin Hilux lita 80 yake ci.

Yadda mota ke tafiyar kilomita 500 da wannan ɗan guzuri shi ne rashin ɓarna. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa motar lantarki tana isar da sama da kashi 77 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa ƙafafunta, yayin da motar fetur ke isar da kashi 12 zuwa 30 kacal. Sauran yana tafiya ne a zafin inji da hayaƙi. A motar fetur, ɓarnar taya ƙaramar ɓaraka ce a gidan da rufinsa duk yoyo ne. A motar lantarki an toshe manyan ɓarakun, sai ya zama taya da iska su ne manyan masu cin guzurin. Duk abin da ya ƙaru a wajensu, kusan kai tsaye yake fita daga zangon tafiya.

Taya na cin wuta ta hanya uku. Ta farko ita ce turjiyar birgima. Duk juyi ɗaya, ɓangaren robar da ya taɓa kwalta yana lotsawa sannan ya miƙe, kuma ba duk ƙarfin da ya lotsa shi ke dawowa ba. Wani yakan koma zafi. Shi ya sa taya ke ɗumi bayan doguwar tafiya. Tarayyar Turai ta wajabta liƙa takardar daraja a jikin sababbin tayoyi tun 2012, ta kuma sabunta ta a 2021 zuwa aji biyar, daga A zuwa E. Tayar ƙaramar mota mai ajin A ba ta buƙatar jan da ya wuce kilo 6.5 a kan kowane tan na nauyi. Mai ajin E tana buƙatar 10.6 ko fiye. Ga jif mai tan biyu, wannan na nufin kimanin yunit 3.5 a kowace kilomita 100 a ajin A, da kimanin yunit 5.8 a ajin E. Tazarar ta haura yunit 2, a motar da duk abin da take ci bai cika wuce yunit 16 zuwa 18 ba a wannan nisa. Tayoyin daji masu manyan haƙora, waɗanda su ne suka fi burge masu son kwarjini, a ƙasan wannan jeri suka fi taruwa.

Ta biyu ita ce iska. Turjiyar iska na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, don haka a babbar hanya ita ce sarauniya. Taya mai faɗi tana ƙara fuskar da ke karo da iska, haƙoranta na yamutsa ta, motar da aka ɗaga kuma tana barin iska mai yawa ta shiga ƙarƙashinta. Murfin roba da ake rufe rim ɗin motocin lantarki da shi, wanda wasu ke cirewa don ba ya yi musu kyau, aikinsa ke nan: hana iska shiga cikin rim tana juyawa.

Ta uku nauyi ne. Kilon da ke jikin taya sai an tura shi gaba an kuma juya shi, ga shi yana ƙasa da sifirin, inda shokazoba ke fama da shi a kowane gargada.

Alƙaluman da aka wallafa sun tabbatar da lissafin. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba Model Y mai dogon zango ta 2022 mil 330, kimanin kilomita 531, a kan rim na inci 19. A kan na inci 20 kuwa kamfanin Tesla ya ƙiyasta mil 318, kimanin kilomita 512. Kamfanin Rivian, wanda ya ƙera jif ɗin R1S mai nauyin sama da tan uku musamman don shiga daji, ya fito da ita da zangon mil 316 a kan tayar kwalta ta inci 21. Shi da kansa ya gargaɗi masu saye cewa tayar daji mai lamba 275/65 R20 za ta rage zangon da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wato kilomita 50 zuwa 75. Wannan a motar da injiniyoyinta suka zaɓi tayar da hannunsu ke nan, suka kuma daidaita kwamfutarta a kai.

Tsayin taya shi kaɗai ba shi ne mai laifi ba. BMW i3 da ta fito a 2013 ta zo da taya 155/70 R19, doguwa siririya kamar ta amalanke, tsayinta kusan milimita 700, faɗinta 155 kacal. An zaɓe ta ne don doguwar taya ba ta lotsawa sosai, siririya kuma ba ta tare iska. Matsalar ita ce a kasuwa tsayi bai cika zuwa shi kaɗai ba. Yakan taho da faɗi, da nauyi, da manyan haƙora.

Agogon da aka ruɗa

Mota ba ta ganin hanya, juyin ƙafafunta take ƙirgawa. An gaya wa kwamfutarta cewa kowane juyi ɗaya nisa kaza ne, a kan haka take gina gudu da nisa da ƙiyasin cajin da ya rage. Idan taya ta ƙaru da kashi 3.6 cikin ɗari, gudun da motar ta ɗauka 100 ne ya zama kusan 104. Masu ƙera motoci sukan sa agogon gudu ya ɗan zarce gaskiya don kariya. Babbar taya tana cinye wannan rarar, ta bar direba yana ƙetare ƙa'idar kilomita 100 a awa da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta gindaya wa ƙananan motoci a tagwayen hanyoyi, shi kuwa yana ganin yana kan daidai.

Akwai wani ruɗanin a ɗaya ɓangaren. Motar da ta yi tafiyar kilomita 1,036 za ta rubuta 1,000, don haka allon zai nuna ta fi cin wuta fiye da yadda ta ci. Wani kaso na asarar da mai motar ke gani bayan canza taya kuskuren awo ne, wani kason kuma gaskiya ne. Mai son raba su sai ya auna tafiya ɗaya da taswirar wayarsa, kafin canji da bayansa, a hanya ɗaya da gudu ɗaya. Sabuwar taya ma, ko da girmanta bai canza ba, ta fi suɗaɗɗiya turjiya, saboda robar da ke lotsawa ta fi yawa.

Yawancin motocin lantarki giya ɗaya gare su. Doguwar taya tamkar ƙara wa wannan giya tsayi ce, ba kuma wata da za a sauko a rama. Ƙarfin da ke isa kwalta yana raguwa daidai gwargwadon ƙarin tsayin, a wajen tashi da wajen taka birki. Na'urorin hana zamewa da na hana ƙafa kullewa su ma juyin ƙafafu huɗu suke kwatantawa. Wanda ya sa manyan tayoyi biyu a baya ya bar ƙanana a gaba, don kuɗinsa bai kai na huɗu ba, ya jefa su cikin ruɗani a daidai lokacin da ake buƙatarsu. Wannan ne ya sa masu sana'ar taya suka daɗe da ƙa'idar kada a kauce wa tsayin asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari.

Lambar da ba a karantawa

Bayan 255/45 R19 akwai wani ɗan rubutu: 104W XL. Lamba 104 na nufin kowace taya na iya ɗaukar kilo 900. Da 101 ce, kilo 825. Da 99 ce, kilo 775. Harafin W iyakar gudu ce, XL kuma alama ce ta taya mai ƙarfafan ciki da ke jure iska mai yawa. Model Y tana kusan tan biyu ba kowa a ciki, iskar da aka ƙayyade wa tayarta kuma 42 ce a gejin mai faci, sama da abin da aka saba bugawa ƙananan motoci. Nauyin motocin lantarki ne ma ya sa masana'antar taya ta fito da sabon aji mai alamar HL a 2021, don ɗaukar abin da ya fi ƙarfin XL.

A nan haɗarin ya wuce na aljihu. Taya na iya fin ta asali girma a ido amma ta kasa ta ɗaukar kaya. Idan aka ɗora mata jif mai tan biyu, da iyali biyar da kayansu, a kan kwaltar watan Afrilu lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ya haura digiri 40, gefenta zai yi ta lanƙwasa yana tara zafi har zarurrukan ciki su saki. Fashewar taya a gudun kilomita 100 ba ta ba direba lokacin shawara.

Kasuwar Najeriya ta ƙara wa lamarin nauyi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar ta dogara da na waje, kuma kaso mai yawa 'yan gwanjo ne. Girman da ba a saba da shi ba, irin na motocin lantarki, ya fi wuyar samu sabo, sai mai mota ya karɓi abin da ya tarar a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo. Cikin gwanjon akwai tayoyin hunturu, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi robarsu da laushi don sanyin Turai. A kwalta mai zafi sukan suɗe da wuri, birki kuma ba ya kama su yadda ya kamata. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne ranar haihuwar taya: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Akwai kuma darajar jure zafi, A ko B ko C, wadda A ce mafi ƙarfi. Araha dai ba ta ado, a taya kuwa tana iya cin rai.

Sai batun wuri. Tayar da ta shiga kogonta lafiya mota na tsaye tana iya gugar bodi ko ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba idan an karya sitiyari har ƙarshe, ko idan an faɗa rami da kaya. A Model Y wannan ƙarfe ya lanƙwaso ta saman taya, tazarar da ya bari kaɗan ce. Motar kuma ba ta zuwa da safaya. Cikin tayoyin asali da yawa akwai soso da aka manna don rage ƙara, tunda babu rurin inji da zai rufe kukan hanya. Wanda ya koma tayar daji zai ji ta a kunnensa tun daga kilomita ta farko. Batir yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, don haka jak yana da wurare ƙayyadaddu. Mai facin da ya kafa shi inda ya saba kafawa a Corolla yana iya lotsa abin da ya fi komai tsada a motar. Lalacewar da canjin taya ya haddasa kuma, kamfani na da hujjar ƙin ɗaukar nauyinta a garanti.

Abin da hanya ke nema

Duk wannan bai sa mai son canza taya ya zama marar hujja ba. An tsara yawancin waɗannan motoci ne da titunan Kalifoniya da Jamus da Shanghai a zuci, kuma in kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Tambayar da ta dace ita ce wace matsala ake son magancewa.

Idan ramuka ne, maganinsu roba mai kauri, kuma ana samunta ta hanyar rage rim. Masu Model Y a ƙasashen sanyi sukan koma rim na inci 18 da taya 235/55 R18. Tsayinta milimita 716 ne, kusan daidai da na asali, don haka agogo bai ruɗe ba. Gefen robarta milimita 129, ƙarin milimita 40 a kan na inci 21. Ga ta siririya, ba ta tare iska. Sharaɗin shi ne rim ɗin ya bar wa birki wuri, a kuma tabbatar shi da tayar an ƙera su don wannan nauyi. Wanda motarsa ta zo da inci 20 ko 21, komawa ƙaramin rim mafi ƙanƙanta da kamfanin ya amince da shi yana ba shi laushi da ƙarin zango a lokaci guda, abin da ba kasafai ake samu ba a harkar mota.

Idan gugar ciki ce, mataki ɗaya na ƙarin tsayi yana ba da milimita 13, da sharaɗin a gwada tayar a jikin motar, a riƙa tuna kuskuren agogo, lambar ɗaukar kaya kuma kada ta gaza ta asali. Wanda hanyarsa ke buƙatar fiye da haka, mota ce ba ta dace da hanyar ba, taya kuwa ba za ta mayar da ita Land Cruiser ba.

Idan yashi da laka ne a kullum, tayar daji ta cancanci farashinta, kamar yadda masu Rivian da yawa suka zaɓa da idonsu buɗe. Sai a cire kashi 10 zuwa 15 daga zangon tun a takarda, a duba ko abin da ya rage zai kai mutum wurin caji na gaba da rara, da na'urar sanyaya mota a kunne.

Idan kuwa kwarjini ne, wannan ma haƙƙin mai kuɗi ne, ba wanda zai hana shi. Abin da ya rage gare shi shi ne ya buɗe ƙofar direba, ya karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙinta, inda kamfani ya rubuta girman taya da iskar da ta dace, ya ɗauki biro ya lissafa milimita nawa zai samu da kilomita nawa zai bayar, tun kafin mai faci ya kwance noti na farko.